Sarkin Kano Kanajeji (1390–1410) da Asalin Kwalkwali a Fadojin Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, sarki na 13 a jerin sarakunan Kano, wanda kundin tarihin birnin ya ce shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwalin ƙarfe da sulke cikin kayan yaƙin Hausawa. An duba gidan da ya fito, da yaƙe-yaƙensa a Umbatu da Zazzau, da dalilin da ya sa ya nemi waɗannan kaya, da abin da suka iya yi masa da wanda suka kasa. Daga nan aka bi sawun kwalkwalin zuwa filayen daga na ƙasar Zamfara, inda dawakin Kano suka yi karonsu na ƙarshe a 1903, kafin ya koma kayan ado na masu tsaron sarki da abin nema ga masu tara kayan tarihi. Maƙalar ta nuna cewa asarar rayuka ce ta haifar da kwalkwali, kuma darajarsa a yau tana tare da labarin da yake ɗauke da shi.

1.0 Gabatarwa

A hawan salla na manyan masarautun Arewa, akwai ayarin mahaya da ba ya ɓoyuwa ga mai kallo. Dawakinsu a lulluɓe suke da sutura mai kauri tun daga wuya har gindin wutsiya, su kansu mahayan sun yi nauyi da irin wannan sutura, a kawunansu kuma akwai hula mai ƙyalli wadda aka kafa wa gashin jimina. Waɗannan su ne 'yan lifidi, masu tafiya kusa da sarki, hular tasu kuma ita ce kwalkwali. Yawancin masu kallo a yau ado suke ɗaukar ta. Masu tara tsofaffin makamai a ciki da wajen Nijeriya kuwa suna kallon ta a matsayin kaya mai tsada wanda ya cancanci a ajiye a bayan gilashi.

Kwalkwali yana da mafari a tarihin Hausawa, kuma mafarin yana da sunan mutum. Kundin nan na Larabci da ke ɗauke da labarin sarakunan Kano tun daga Bagauda, wanda aka kammala tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya jingina shigowar kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda wasu ke rubutawa Kananeji. H. R. Palmer ya fassara kundin zuwa Ingilishi a 1908, an kuma fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Kundin yana ba da yawan shekarun da kowane sarki ya yi ne, daga nan aka ƙirga baya aka sami shekarun 1390 zuwa 1410 a matsayin zamanin Kanajeji. A kan wannan kundi aka gina abin da ke tafe game da rayuwarsa.

2.0 Gidan da Ya Fito

Kanajeji ɗan Yaji ne, jikan Tsamiya, sunan mahaifiyarsa Aunaka. Gida ne da ya saba da takobi. Kakansa Tsamiya (1307–1343) shi ne ya afka wa masu bautar gargajiya na Kano ya karya ƙarfinsu, daga baya ɗan'uwansa Usmanu Zamnagawa ya kashe shi ya hau gadon. Mahaifinsa Yaji (1349–1385) kuwa shi ne sarkin da kundin ya ce Wangarawa suka iske lokacin da suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, su kimanin arba'in. Yaji ya karɓi addinin da suka zo da shi, ya umarci garuruwansa da tsayar da salla, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar tsafi. Da taimakon addu'ar waɗannan malamai, in ji kundin, ya ci Santolo, garin da ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano. Bayan haka ya kai yaƙi ƙasar Warji da ta Kwararrafa, inda mutanen suka haye dutse suka bar shi a ƙasa wata bakwai kafin su ba shi bayi ɗari.

Ke nan Kanajeji ya tashi a fada mai fuska biyu. A gefe guda ga liman da ladan da alƙali daga cikin baƙin malamai, a ɗaya gefen ga tsofaffin masu riƙe da al'adun Dala waɗanda aka ƙwace wa wurin bauta amma ba a raba su da mabiyansu ba. Ya kuma tashi yana ganin irin yaƙin da mahaifinsa ke yi: runduna ta bar ganuwa ta nufi kudu, ta tarar da mutanen duwatsu waɗanda ba sa fitowa fili. Da Yaji ya rasu, sarauta ba ta zo masa kai tsaye ba. Ƙanen mahaifinsa Bugaya ne ya hau, ya yi shekara biyar, sannan aka naɗa Kanajeji.

3.0 Sarkin da Ba Ya Zama Gida

Abu na farko da kundin ya faɗa game da halinsa shi ne cewa da ƙyar yake zama cikin birni. Yana fita ne yana kewaya ƙasa yana cin garuruwa, har ya yi zama na wani lokaci kusa da dutsen Gija. Daga nan ya aika wa Kwararrafa yana neman dalilin da ya sa suka daina kawo gandu. Suka aiko masa da bayi ɗari biyu, wato ninki biyu na abin da suka bai wa mahaifinsa. Abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci: bayan ya koma Kano, sai ya riƙa aika musu da dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi.

Wannan musaya ita ce mabuɗin fahimtar zamaninsa. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa a ƙarni na 13 da na 14 ne manyan dawaki da sirdi da likkafa suka fara yaɗuwa a ƙasashen Sudan daga Arewacin Afirka, suka sauya yadda ake yaƙi. Kafin nan, ƙananan dawakin gida ake hawa, ba su iya ɗaukar kaya mai nauyi. Mahayin da ke da likkafa yana iya tokare ƙafa ya soki mashi da dukkan ƙarfinsa, babban doki kuma yana iya ɗaukar mutum da suturar ƙarfe. Sai dai irin wannan doki tsada gare shi. Fiye da shekara ɗari bayan Kanajeji, matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ruwaito cewa sarkin Barno yana biyan bayi goma sha biyar zuwa ashirin kan doki guda. A ƙasashen kudu kuma, irin na kwarin Binuwai inda Kwararrafa suke, ƙudan tsando ba ya barin doki ya yi tsawon rai, don haka buƙatarsu ba ta yankewa. Kano ta zauna a tsakiya, tana karɓar doki daga arewa tana miƙawa kudu, tana karɓar mutane daga kudu. Da wannan dukiya ce sarki zai iya sayen sulken da aka ƙera a ƙasashe masu nisa, a lokacin da daular Mamluk ta Masar take cibiyar irin wannan sana'a.

4.0 Yaƙin Umbatu

Kundin bai bar dalilin shigo da kayan kariya a duhu ba. Ya ce an shigo da su ne saboda yawan mutanen da aka rasa a yaƙin Umbatu. Masana da dama na danganta mutanen Umbatu da Butawa, mazauna duwatsun ƙasar Ningi a kudu maso gabashin Kano. Ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai, inda maharbi guda da ya laɓe bayan dutse da kibiya mai dafi zai iya kayar da barde kafin barden ya gan shi. Dafin kwankwani ba ya buƙatar babban rauni. Ƙwarzane a wuya ko a cinyar doki ya isa. Sarkin da ya zuba dukiya wajen tara manyan dawaki da horar da mahayansu ya ga ana ɗauke masa su ɗaya bayan ɗaya da makamin da kowane manomi ke iya yi a gidansa. Rigakafi ya fi magani, sai ya nemi abin da zai tare kibiya kafin ta taɓa fata.

Kaya uku kundin ya ambata. Lifidi, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Larabci ta libd, sutura ce ta tufa ninki biyu da ake cusa wa audugar rimi ko ta gona a tsakani, a bi ta da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Ana yi wa doki nasa, a yi wa mahayi nasa. Kibiya kan nutse cikin audugar ta tsaya, dafinta ya goge a hanya. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, tana tare saran takobi, akan kuma sa ta a kan kumakumi domin rage zafin bugu. Kwalkwali shi ne mai kare kai, wurin da rauni ba ya ba da damar a sake gwadawa. Wanda kundin ya ambata na ƙarfe ne. Wanda aka fi sani a ƙarnonin baya kuwa, naɗin tsumma ne mai tauri da ake rufewa da farin ƙarfe ko tagulla, a sa masa lafaya mai sauka kan wuya, a ƙawata samansa da gashin jimina.

Mai tsammanin cewa sabon kaya ya kawo nasara nan take zai sha mamaki. Kanajeji ya koma Kano, ya sake fita Umbatu a shekara ta biyu, bai ci nasara ba. Ya sake komawa gida, ya sake fita a shekara ta uku, nan ma haka. Lifidi ya rage mutuwa, amma doki mai ɗauke da wannan nauyi ba ya hawa dutse, kuma abokin gaba ba shi da dalilin saukowa fili. A nan ne sarkin ya ɗauki alkawarin ba zai sake ganin gida ba sai ya gama da su, ya kuma sauya dabara. Ya kafa sansani a Betu ya zauna shekara biyu cur. Mutanen duwatsu a kwari suke noma, shi kuwa ya tsare kwarin. Damina biyu suka wuce ba a yi shuka ba, rumbuna suka ƙare, yunwa ta yi abin da mashi ya kasa. A wannan zama ne amfanin lifidi ya fito, domin mahayan da kibiya ba ta kayar da su cikin sauƙi suna iya sintiri a bakin gonaki wata da watanni.

Sharaɗin sulhun ya yi tsanani. Kundin ya ce mutanen Umbatu sun ba da 'ya'yansu na cikinsu, maza dubu da mata dubu, suka ƙara da wasu bayi dubu biyu. Ko da an ɗauka cewa masu ruwaya sun zagaye adadin, ma'anar a fili take: al'umma ta sayi ranta da zuriyarta. Kanajeji ya yi alfahari da cewa babu wanda zai sake cin Umbatu irin cin da ya yi mata. Tarihi ya nuna duwatsun nan ba su daina damun Kano ba, domin a ƙarni na 19 daga ƙasar Ningi ne aka riƙa kawo wa kudancin masarautar hare-hare masu tsanani.

5.0 Turunku da Gadaz

Shekara guda bayan Umbatu, Kanajeji ya juya kan Zazzau, ya sauka a Turunku, tsohuwar mazaunin sarakunan ƙasar, kudu da Zariya ta yau. A wannan karon abokan gaba sun fito fili, irin yaƙin da ya kamata ya dace da mahaya masu lifidi, amma duk da haka Zazzagawa suka fatattaki rundunar Kano, suka bi ta da gorin cewa Kano ba komai ba ce face daji. Sarki ya koma gida a fusace yana neman abin da zai yi.

Shawarar da ya samu ta fito ne daga Sarkin Cibiri, mai riƙe da abin da ya rage na tsohuwar bauta. Ya ce masa ya maido da abin da mahaifinsa da kakansa suka rushe. Kanajeji ya amince. Bisa umarnin Sarkin Cibiri ya sari reshen wata bishiya, ya tarar da jan maciji a ciki ya kashe, aka yi masa huffi biyu da fatar. Daga reshen aka sassaƙa dundufa huɗu da wasu ƙananan ganguna takwas, aka kai su ruwan Dankwai aka jefa, bayan kwana arba'in aka kwaso su aka kai gidan Sarkin Cibiri, shi kuma ya ɗinke gangunan da sauran fatar macijin. Ya koya wa sarki irin abin da kakanninsu suke yi a da.

Marubucin kundin, wanda malami ne Musulmi, ya kawo wannan labari ba tare da ya ɓoye shi ko ya yi masa ado ba. Ana iya karanta shi ta fuskar siyasa. Rundunar Kano ba 'yan fada kaɗai ba ce. Mafi yawanta dakaru ne daga ƙauyuka, waɗanda shekara arba'in na Musuluncin fada bai raba su da abin da suka gada ba. An tsare su shekaru a Umbatu, an kuma kore su a Turunku. Sarkin ya riga ya rufe jikin manyan mahayansa da ƙarfe, abin da ya rage shi ne zukatan sauran, kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ganguna goma sha biyun nan kira ne ga waɗanda suka ji an ture su gefe tun zamanin Yaji. Ta fuskar addini kuwa, komawa baya ce, kuma ɗansa na cikinsa zai zama mai warware ta.

Da ya sake fita, ya yi sansani a Gadaz. Sarkin Zazzau ya fito aka gwabza, Kanawa suka kashe shi tare da manyan sarakunansa, sauran suka watse ɗaiɗai da bibbiyu. Kanajeji ya shiga ƙasar ya zauna wata takwas kusa da kogin Shika, ana kawo masa gandu mai yawa. Kirarin da aka yi masa saboda wannan nasara ya haɗa sunansa da kogunan Shika da Kubanni, wato ruwan da Zazzagawa ke sha suke wanka ya koma ƙarƙashin ikonsa. Kubannin nan ita ce ta ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a yau.

6.0 Jarumansa da Zuriyarsa

Kundin ya lissafa manyan mayaƙansa, daga cikinsu akwai Barde Gutu, da Jarmai Sabo, da Madawaki Babaki, da Makama Toro, da Ɗan Buran Jatau, da Lifidi Buzuzu. Sunan ƙarshen nan abin lura ne. Tun a zamanin wanda ya shigo da kayan, lifidi ya riga ya zama sarauta mai shugaba. Kaya ne na sarki, shi ke saye, shi ke ajiyewa, shi ke zaɓen wanda zai sa. Wanda aka ɗora wa kwalkwali amintacce ne, kuma wurinsa a fagen fama yana kusa da sarki. Daga nan alaƙar kwalkwali da tsaron sarki ta faro.

Kanajeji ya yi shekara ashirin a kan gado. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi. Na farko, Umaru (1410–1421), malami ne mai yawan ibada, almajirin Ɗan Gurdamus Ibrahimu. A zamaninsa ba a yi yaƙi ba, ya bar al'amuran mulki a hannun Galadima, daga ƙarshe wa'azin abokinsa Abubakar ya sa ya sauka daga sarauta ya koma ga tuba. Da wuya a sami ɗa da ya yi hannun riga da ubansa kamar haka. Sai Dauda (1421–1438), wanda a zamaninsa Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa, sannan Abdullahi Burja (1438–1452), wanda ya buɗe hanyoyin fatauci tsakanin Barno da Gwanja. Jikan Burja shi ne Muhammadu Rumfa (1463–1499), mai Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake zaune a ciki har yau, wanda ya shigo da kakaki da figini da dawakin zage. Alfarmar da Rumfa ya yi wa sarauta ta tsaya ne a kan ƙarfin dawakin da kakan mahaifinsa ya gina.

7.0 Daga Tafkin Kwatto zuwa Kwatarkwashi

Cikin ƙarnoni huɗu da suka biyo baya, lifidi da sulke da kwalkwali sun zama ma'aunin ƙarfin kowace daula daga Barno har Kabi. Darasin Umbatu kuwa ya ci gaba da maimaita kansa, kuma a ƙasashen Gobir da Zamfara aka fi ganin haka. A Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da mahaya masu lifidi, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba, baka da kibiya ne makaminsu. Maharban suka yi nasara, suka kwashi dawaki da kayan yaƙi ganima. Kafin a ci Alƙalawa a 1808, yaƙin da Muhammadu Namoda na Alibawan Zurmi yake cikin jagororinsa, masu jihadi sun riga sun mallaki rundunar dawaki tasu. Waɗanda suka karya 'yan lifidi sun zama masu 'yan lifidi.

Turawan farko da suka ratso ƙasar sun gan su da idonsu. A watan Fabrairu na 1823, Dixon Denham ya ga masu tsaron Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi kusa da Kukawa sanye da sulke har gwiwa da hulunan ƙarfe. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton, wanda ya bi ta Zurmi a hanyarsa ta Sakkwato a 1824, ya halarci harin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya a watan Oktoba na 1826. Ya bayyana 'yan lifidin Sarkin Musulmi da na Waziri Giɗaɗo, masu kwalkwali da tuntaye, waɗanda nauyin kayansu ya sa sai an ɗaga su ake ɗora su kan doki. Ya kuma ga ɗan bindiga guda daga cikin ganuwa ya harbo na gabansu, harsashi ya ratsa ƙirjinsa. Audugar da ke tsayar da kibiya ba ta tsayar da dalma.

Ƙarshen al'amarin ya zo a ƙasar Zamfara. Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da manyan mahayansa. A Birnin Goga, a yankin Ƙaura Namoda, ya rabu da rundunar ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya ja waɗanda suka zaɓi faɗa, suka yi karo da wata ƙaramar ƙungiyar sojoji da ba ta kai mutum hamsin ba kusa da Kwatarkwashi a ƙarshen watan. Dawakin Kano suka yi ta kai sukuwa kan bakin bindiga, Waziri ya faɗi tare da jarumai da yawa. Salon yaƙin da Kanajeji ya assasa shekara ɗari biyar kafin nan, a wannan fili ya yi numfashinsa na ƙarshe.

8.0 Kwalkwali a Hannun Masu Ado da Masu Tarawa

Da yaƙi ya ƙare, kayan suka sami sabon aiki. Hawan salla ya riƙe su, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta riƙa shirya manyan hawan daba, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Bayan 'yancin kai aka yi na bikin FESTAC a Kaduna a 1977, sannan a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kwalkwalin da ake ƙerawa domin waɗannan bukukuwa ya fi na da sauƙi da ƙyalli, tun da ido zai tara, ba kibiya ba.

Tsofaffin kuwa sun zama abin nazari da abin nema. A 1964 Sashen Kayan Tarihi na Nijeriya ya buga littafin A. D. H. Bivar mai suna Nigerian Panoply, wanda ya yi nazarin takubba da sulke da sauran makaman da ke fadojin Arewa. Masu wannan ilimi suna duba abubuwa ƙanana: sulken da aka ƙulle bakin kowane zobensa da 'yar ƙusa ya bambanta da wanda aka haɗa bakin zobban kawai, kuma irin wannan bambanci kan nuna zamani da wurin ƙira. Sai dai ƙarfe ba ya faɗin sunan wanda ya sa shi. Wannan sani yana bakin tsofaffin gidan da aka ajiye kayan, da makaɗan fada, da masu riƙe da sarautar Lifidi da Shamaki. Ranar da dillali ya fitar da kwalkwali daga gidansa ba tare da an rubuta komai ba, mai saye ya sami tagulla da gashin jimina, garin kuma ya rasa shafi guda na tarihinsa.

Doka ta san da wannan. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da shi waje ba da izini ba. Gidan Makama a Kano da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna nan domin ajiya. Amma doka ba ta isa inda tsaro bai isa ba. A arewacin Zamfara, daga Zurmi zuwa Shinkafi, da garuruwan ƙasar Ƙaura Namoda irin su Kuryar Madaro, shekarun hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar sulke, wanda yunwa ta kama kuma ba ya dogon ciniki. Wannan yanki ne da rundunonin Gobir da Zamfara da Sakkwato da Kano suka tattaka, don haka duk abin da ya rage a gidajen sarautarsa ya cancanci a ɗauki hotonsa, a auna shi, a rubuta sunan mai shi da yaƙin da aka je da shi tun masu sanin suna raye. Aiki ne da ɗaliban sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'in Gusau da Sakkwato za su iya ɗauka a matsayin kundin kammala karatu.

9.0 Kammalawa

Rayuwar Kanajeji, gwargwadon yadda kundin tarihin Kano ya adana ta, rayuwar sarki ce mai naci wanda ba ya jin kunyar sauya hanya idan ta farko ta toshe. Ya rasa mutane a Umbatu ya nemo lifidi da sulke da kwalkwali. Kayan ba su ba shi duwatsun ba, ya koma ga haƙurin zaman shekara biyu. An kore shi a Turunku, ya nemi sulhu da tsohuwar bautar da gidansu ya rushe, abin da ɗansa Umaru ya juya wa baya. Nasarorinsa sun faɗaɗa ikon Kano, kuɗinsu kuwa dubban mutane ne da aka raba da gidajensu. Maƙalar ta nuna cewa kwalkwali ya shigo ne a matsayin maganin asara, ya zama alamar amincin masu tsaron sarki, bindiga ta kore shi daga fagen fama a ƙasar Zamfara, hawan salla ya ba shi mafaka. Abin da ya rage ga masu nazari shi ne tattara bayanan kwalkwalayen da ke gidajen sarauta tun suna hannun magadansu, domin a san na wane ne, daga ina ya zo, kuma a wane yaƙi aka sa shi.